Wasiƙa daga Ingila: Na ga an kashe Sarki Harold, ya tashi ya karkaɗe riga

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida,

Ina gajiya, ya aikin kaka? Allah ya sa an yi girbi lafiya. Mu nan sanyi ya fara kunno kai, ganyen itatuwa sai zuba yake.

Asabar ɗin da ta wuce wani maƙwabcina Bature, dattijo ɗan fansho, ya dame ni sai na raka shi kallon yaƙi. Na ce wane yaƙi kuma ana zaune ƙalau? Ya ce ai duk shekara ake yin sa. Muka hau jirgin ƙasa daga Landan, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai, muka sauka a wani ɗan gari da ake kira Batil. Da harshensu ma'anar sunan "yaƙi" ke nan, don garin ya tsiro ne a kan filin dagar da aka yi ranar 14 ga Oktoba, 1066, wadda suke kira Yaƙin Hestins, ko da yake garin Hestins ɗin yana can bakin teku, kimanin kilomita 11 daga wurin.

Labarin a taƙaice: sarkin Ingila ya mutu bai bar magaji ba, aka naɗa Harold, sai masu neman sarauta suka taso masa ta fuska biyu. Ranar 25 ga Satumba ya murƙushe sarkin Norwe a arewa. Ko gumi bai share ba, aka ce masa Wiliyam, mai mulkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya tsallako teku ya sauka a kudu. Haka ya juyo da gajiyayyun dakarunsa, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Aka kara tun hantsi har faɗuwar rana. Aka kashe Harold, Wiliyam ya hau gadon sarauta ranar Kirsimeti ta wannan shekarar.

Wato ranar da aka ci su da yaƙi ce mutanen nan suke taruwa suna maimaitawa, har da sayen tikiti. Wannan shi ya tsaya mini a rai tun a jirgi.

Ba da yaƙin aka fara ba. Tun safe an kafa sansani biyu a gangaren tudun, tantuna farare birjik, hayaƙi na tashi. Masu yin abin ba sojoji ba ne: akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya, kowa da kuɗinsa ya haɗa kayansa. Suna kwana nan da 'ya'yansu, suna girki a murhun itace. Na leƙa tukunyar wata mata na ga sha'ir da albasa da ganye. Na ce ina dankali, abincinku? Ta yi dariya ta ce a 1066 dankali da tumatir ba su zo Turai ba, sai bayan an kai ga Amurka. Agogon hannu ma ba ka gani, wayar salula kuwa tana can ɓoye cikin jakar fata.

Inda na daɗe shi ne gaban wani mai saƙa sulke. Yana zaune a kan kututture, gabansa ɗan ƙoƙo cike da zobban ƙarfe ƙanana kamar na yatsan jariri. Ya ɗauki ɗaya da awartaki, ya sarƙa shi cikin guda huɗu, ya haɗa bakinsa, ya cusa wata 'yar ƙusa da ido da kyar yake gani, ya matse. Zobe ɗaya ke nan, riga kuwa tana cin dubbai. Ya ce in gwada wadda ya gama. Da ya zura mini ita sai da gwiwata ta sage, ga ƙarnin mai da tsatsa. Ya ɗaure mini ɗamara a ƙugu, nan take nauyin ya ragu daga kafaɗa. Na ce masa ai mu ma muna da 'yan sulke da 'yan lifida a hawan sallah, na nuna masa hoton hawan daushe na Kano a wayata. Mutumin nan ya ajiye awartaki, ya yi ta faɗaɗa hoton yana jero tambayoyi: zobban a like suke ko a buɗe? Wa ke gyara su in sun tsinke? Me ake cusawa cikin lifidi? Na ƙarshen kawai na iya amsawa. Shekara nawa ina kallon hawa, ban taɓa taɓa sulke da hannuna ba sai a ƙasar wasu. Kunya ta kama ni, ba ƙarya.

Can bayan azahar aka busa ƙaho. Mutanen Harold suka jeru a saman tudu a ƙasa, ba doki ko ɗaya, garkuwa na haye da garkuwa kamar katanga, manyan gatura a hannu. Na Wiliyam suna gindin tudu: 'yan baka a gaba, dakaru, sannan barade. Kibau suka yi sama kamar jan baki, sai dai kansu na roba ne, takubban ma dakusassu ne. Dawakai suka hauro, ƙasa na girgiza, suka tarar da katangar ba ta motsa ba. Sai suka juya kamar masu gudu. Wasu daga sama suka ɗauka nasara ta samu, suka ɓalle suka bi su, barade suka juyo suka rutsa da su a fili. Dattijon nawa, wanda ya san ƙarshen labarin tun yana firamare, yana ta ihu kada su sauko. Duk lokacin da mai shela ya ambaci Wiliyam, sai 'yan kallo su yi masa ature da baki.

Harold ya faɗi riƙe da kibiya a ido, kamar yadda aka fi ba da labari. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sannan aka yi shela, matattu suka miƙe suna karkaɗe ciyawa, aka tafa.

A nan ne abin ya ɗan yi mini banbaraƙwai. Yinin da dubban mutane suka halaka an gama shi cikin awa guda, ba jini ba kuka, ga mai sayar da askirim a gefe. Abin da ya biyo baya kuwa, ƙwace filayen manyan ƙasar aka raba wa baƙi, aka ƙone arewacin Ingila, aka bi gari-gari a 1086 ana ƙidayar gona da dabba saboda haraji, wannan ba ya shiga wasa.

A hanyar dawowa dattijon ya tambaye ni ko muna yin irin wannan. Sai yaƙin Giginya a Sakkwato ya faɗo mini a rai, 15 ga Maris, 1903, da na Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a watan Yulin shekarar, a hannun kakannin waɗannan da nake zaune cikinsu. Na ce masa nasu ya kusa shekara dubu, miki ya warke har ya zama abin wasa. Namu kuwa kakannin kakanninmu ne, zuriyar waɗanda suka tsira suna nan a Mai Wurno ta Sudan. Ban ga wanda zai yarda a sa wani ya kwanta a matsayin Attahiru ya tashi ana tafi ba, ni ma ba zan so ba. Ya yi shiru har muka wuce tasha biyu.

Sai dai tambayoyin mai sulken nan suna nan a wuyana. Don Allah duk wanda yake da hanya da 'yan sulken fada, a Kano ko Katsina ko Zazzau, ya tambayo mini wa ke gyaran sulke yanzu, kuma a ɗauko mini hoton zobban daga kusa. Na yi wa mutumin alkawarin amsa kafin Oktoba mai zuwa.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
wani ɗan uwa daga Landan