Daga gaɓar Bahar Maliya zuwa ga ƴan uwana na Tawa

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Ina gaida ku da fatan kowa yana lafiya, da gida da iyali.

Tun da hotona ya zagaya wayoyinku ina ɗauke da tulunan iska huɗu a jiki, saƙo bai yanke mini ba. Kawu ya ce ɗan Adar, wanda babban ruwan da ya sani shi ne tabkin Tabalak, me ya kai shi ƙarƙashin teku? Inna kuwa kuka ta yi. Shi ya sa na ga gara in rubuto muku gaba ɗaya.

Ina garin Dahab ne, a yankin Sina'i na ƙasar Masar, ina aikin rakiyar masu nutso. Nutso iri biyu ne. Na shaƙatawa iyakarsa mita 40, da tulu ɗaya na iskar da muke shaƙa. Wanda nake yi yanzu shi ne na zurfi, kuma shi lissafi ne tun kafin ƙafa ta taɓa ruwa. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya. Daga wajen mita 30, naitirojin da ke cikin iska yakan fara juya kan mutum kamar wanda ya sha abin maye. Idan aka wuce mita 60, oksijin ɗin da ke rayar da mu shi kansa yana iya zama guba, ya jefa mutum farfaɗiya a cikin ruwa. Don haka muke gauraya iskar da wata iska mara nauyi mai suna hiliyom, a rage waɗancan biyun, kowane tulu a rubuta masa zurfin da ya halatta a shaƙe shi.

Amma abin da nake so ku gane, Kawu, sauka ba ita ce aikin ba. Hawa ne. Iskar da ta shiga jini a ƙasa tana buƙatar lokaci ta fita. In ka yi gaggawa sai ta yi kumfa a jijiya, kamar lemun kwalba da aka buɗe da ƙarfi, ta shanye ƙafa ko ta kashe. Sai ka tsaya a matakai, ido kan agogon hannu, har ya ba ka izini. A nan Dahab, a 2014, wani Bamisire mai suna Ahmed Gabr ya kai mita 332. Saukarsa ba ta wuce minti 15 ba, hawansa kuwa ya ci fiye da awa 13. Masu ginar rijiya na wajenmu za su fi kowa fahimtar wannan: ba a shiga rami sai an san igiya, an san iskar ƙasa, an san wanda ke riƙe da kai.

Ba zan ɓoye muku haɗari ba. Akwai wani rami a nan, Bulu Hol, zurfinsa ya haura mita 100, da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke fita zuwa buɗaɗɗen teku. A jikin dutsen bakin ramin an manna allunan sunayen waɗanda suka rasu, da yawansu sun nemi ƙofar nan da tulu ɗaya. Duk ranar da zan shiga sai na tsaya a gabansu, kuma sau da dama na fasa nutso saboda abu kaɗan da bai kwanta mini ba.

To me ake gani? Murjani, Inna, dangin wanda kike ɗaurawa a wuya. Ashe ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai da ke gina gidajensu na farar ƙasa, wani kan wani, shekaru dubbai. Cikin jikinsu akwai wani gansakuka da ke ciyar da su daga hasken rana. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore shi, su yi fari fat, su mutu da yunwa. Bahar Maliya na da kifi fiye da iri 1,000, wasu babu su a ko'ina sai nan. A ƙasa can ja yakan ɓace, komai ya koma shuɗi, sai ka kunna fitila ka ga bango ya kama da wuta: ja, ruwan goro, rawaya. Na sha yin tasbihi da abin shaƙa a bakina.

Wata rana ina tsayuwar mita 6, saura minti 20 in fito, na ga bushiyar teku a cikin wani rami. Kusa da ita ga ɓawon wata da ta mutu, ƙayoyin sun zube, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Gabana ya faɗi. Irin duwatsun nan ne da muke tsinta a kan tsaunukan Keita muna yara, muna wasa da su. Daga baya na karanta cewa teku ta taɓa rufe ƙasar Adar fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, har farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza daga nan ta samo asali.

Ƙanina, in ka je Keita ka samo mini ɗaya ka aje wa Inna. In Allah ya kai mu bayan salla ina tafe da hoton mai ran, mu jera su ta gani.

Naku, ɗanku da ke Dahab.