Rahoton da na goge a kan tsaunin Granon

A shekarar 2022 aka ɗora mini rubuta rahoton tseren keke na Tour de France a teburin wasanni inda nake aiki, don wanda ya saba yi ya tafi hutu. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne. Iyakar sanina, zango 21 ake yi cikin mako uku, kuma wanda ya sa riga rawaya shi ke kan gaba. A zatona ranar hawan tsauni babu wata dabara, mai ƙarfin cinya da huhu shi zai riga kowa kaiwa ƙololuwa.

Ranar 13 ga Yuli, a zango na 11, na sha kunya. Tadej Pogacar ke sanye da rigar. Tun kafin a shiga hawan Galibier sosai, tsaunin da ya kai mita 2,642, mahaya biyu na ƙungiyar Jumbo-Visma, Primoz Roglic da Jonas Vingegaard, suka sa shi a tsakiya. Wannan ya zabura, Pogacar ya miƙe kan feda ya kamo shi. Bai gama sauke numfashi ba ɗayan ya zabura. Haka suka yi ta yi, shi kuwa bai bar ko ɗaya ya kuɓuce masa ba, har ma ya kai nasa harin. Da aka sauko kwari na gan shi yana yi wa kyamara murmushi. Nan take na rubuta sakin layi na farko, na ce yaron ya gagari mutum biyu, an gama magana.

Sai aka zo Granon, hawan kilomita 11 da ɗoriya, tsayinsa na ƙaruwa da mita tara a kowane mita ɗari. Saura kamar kilomita biyar Vingegaard ya tafi, Pogacar ya kasa ɗaga gindinsa daga sirdi. Rigarsa a buɗe, kansa a sunkuye, mutanen da ya bari a baya ɗazu suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Minti 2 da daƙiƙa 51 ya rasa, rigar ta koma hannun Vingegaard, bai kuma sake ta ba har Faris. Na goge duk abin da na rubuta, agogo na bina.

Wani dattijo a ofis, wanda ya daɗe yana bin tseren, ya zaunar da ni washegari. Ya ce ina ta ƙirga sau nawa Pogacar ya amsa hari, ban ƙirga abin da kowace amsa ta ci masa ba. Roglic a lokacin bai yi nisa a jadawali ba har a ƙyale shi ya tafi, don haka dole Pogacar ya bi su duka biyu, alhali kowannensu rabin aikin yake yi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ga kuma abin da ban taɓa kawowa a rai ba, wato ci. Mahayi a irin wannan rana yana bukatar sukari da sitaci wajen giram 90 ko fiye a kowace awa, wanda ake ta zaburar da shi kuwa yaushe ya samu sararin sa hannu a aljihun baya?

Daga nan na koma ɗalibi, na yi ta kallon tsofaffin tsere. Iska ce ginshiƙin komai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, wanda ya laɓe bayan wani yana rage wahalarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A hawa mai tsanani gudu yana raguwa, amfanin laɓewa ma ya ragu. Shi ya sa ake kai hari a kan tsauni, shi ya sa kuma kwarin da ke tsakanin tsauni biyu yake kashe wanda ya rage shi kaɗai. Na fahimci abin da ƙungiyar Sky ta riƙa yi zamanin Chris Froome: ta jera yaranta a gaba, kowa ya ja da gudun da ba mai iya tsallakewa, in ya ƙare ya kauce gefe, na baya ya karɓa. Gaskiya kallonsa ba daɗi, ni kaina ina gyangyaɗi, amma yana kawo riga.

Abin da ya fi burge ni shi ne tura mutum gaba tun da safe. Za ka ga ƙungiya ta sa ɗaya daga cikin mahayanta takwas cikin waɗanda suka ɓalle daga ayari, ka ɗauka zangon yake nema, ashe jiran ubangidansa zai yi bayan tsauni. A Giro d'Italia, babban tseren keke na Italiya, na 2025, a zango na 20, na ga sunan Wout van Aert cikin masu ɓallewa, na ja masa layi a takarda. Ubangidansa Simon Yates na matsayi na uku a jadawali a ranar. A kan Finestre, wanda kilomita takwas ɗinsa na ƙarshe tsakuwa ce ba kwalta, ya tsere wa Isaac del Toro da Richard Carapaz, waɗanda ke gabansa a jadawalin. Su biyun suka tsaya kallon-kallo, kowa na ƙyashin ja wa ɗan'uwansa. Yates ya sauko ya tarar da Van Aert a kwari, ya laɓe bayansa, tazarar ta yi ta faɗaɗa har hanyar Sestriere. A kan Finestre ɗin nan ne fa Yates ya rasa riga ruwan hoda, ta wanda ke kan gaba a Giro, a 2018, ranar da Froome ya kai hari saura kilomita 80.

Wannan karon rahotona ya fara ne da Van Aert, ko da yake ba shi ya ci zangon ba. Edita ya kira ni ya tambaya ko kuskure na yi wajen sunan. Na miƙa masa takardar da na ja wa layi tun da safe, ya karanta, ya mayar mini, ya ce in rage kalma hamsin.