Hagler da Leonard: daga ina 118-110 ta fito?

A fadojin Yamai inda ake da masu bin damben Turawa, in kana so shayi ya huce a kofi, to ka ambaci Marvin Hagler da Sugar Ray Leonard. An gwabza ranar 6 ga Afrilu 1987 a Caesars Palace da ke Las Vegas, kan kambun hukumar damben duniya ta WBC na ajin matsakaicin nauyi da ke hannun Hagler, kuma har yau gardama ba ta mutu ba. Lou Filippo ya ba Hagler 115-113. Dave Moretti ya ba Leonard 115-113. JoJo Guerra, ɗan Meziko, shi ma Leonard ya ba, amma da 118-110.

Wanda ya saba da kokowa da dambenmu na gargajiya, hukunci a fili yake ganinsa: gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. A damben Turawa in ba a kai wani ƙasa ya kasa tashi ba, takarda ce ke magana. Alƙalai uku na zaune a ɓangarori uku na fage, kowa na rubuta makinsa shi kaɗai. Turmi minti uku ne. Wanda ya ci turmin ya samu 10, ɗayan 9, in kuma an kayar da shi galibi 8. Abu huɗu ake dubawa: naushin da ya shiga sarai, matsin da ya haifar da ɗa mai ido, wa ke juya wasan, da iya kare kai. Nan gizo ke saƙa. Turmin da ka ci da ƙyar da wanda ka jibgi mutum har ƙafarsa ta yi rawa, duk 10-9 ne muddin bai faɗi ba.

Leonard ya karanci wannan lissafi tun kafin a hau fage. A wajen ciniki ya samu turmi 12 maimakon 15, da fage mai faɗi, da safar hannu mai nauyin oza 10. Ga mai gudu da wasan ƙafa, kowanne riba ne. A cikin wasan kuma, in saura daƙiƙa 30 a kaɗa ƙararrawa, sai a yi masa ihu daga kusurwarsa, ya saki ruwan naushi shida, bakwai a jere. Da yawa a damtse da kafaɗa suke sauka, amma ƴan kallo su ɗauki sowa, kuma shi ne abu na ƙarshe da alƙali ya gani kafin ya ɗauki biro.

Hagler kuwa da hannunsa ya buɗe ƙofa. Da tsayuwar bahago aka san shi, amma ya fara wasan da tsayuwar badame, ya zubar da turmi biyu na farko a takardun alƙalan duka uku. Daga na biyar ya farka, ya girgiza Leonard da naushin ƙasan haɓa, a na tara ya matse shi jikin igiya. Ƙidayar CompuBox, na'urar ƙirga naushi, ta ce Leonard ya sa naushi 306 cikin 629, Hagler 291 cikin 792. Na'ura dai ba ta auna zafin naushi.

A ganina, 115-113 ta kowane ɓangare ba sata ba ce. Turmi 7 da 5 ke nan, kuma da Moretti ya juya turmi ɗaya tak, takardarsa 114-114 za ta zama, a tashi canjaras, kambu ya zauna hannun Hagler. Ta Guerra ce ba ta ciyuwa. 118-110 na nufin Hagler turmi biyu kacal ya ci cikin 12. Ka cire sautin talabijin, ka ɗauki takarda, ka rubuta maki a ƙarshen kowane turmi ba tare da ka koma ka goge ba, za ka sha wuya kafin ka samo wa Leonard turmi goma.

Abin takaicin, asali Harry Gibbs na Ingila aka sa cikin alƙalan. Mutanen Hagler ne suka ce ba sa son Bature ɗan Ingila, aka kawo Guerra a gurbinsa. Gibbs ya kalli wasan daga baya a gida, ya ce Hagler ne ya ci. Hagler bai sake sa safa ba, ya tattara ya koma Italiya yana fitowa a fina-finai.