Ƙidayar ƙauye da hanyar zuwa gare shi: darasi daga fadamar Haɗejiya

Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Najeriya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Saboda haka adadin da ma'aikacin lafiya yake riƙewa na ƙauye ƙiyasi ne kawai: a ɗauki na 2006, a riƙa ɗora kusan kashi 3.2 cikin 100 kowace shekara. Daga nan ake cire kashi 20 na yara 'yan ƙasa da shekara 5, kashi 4 na jarirai, kashi 5 na masu juna biyu. Ƙauye mai mutum 2,000 ke nan, yara 400, jarirai 80, masu ciki 100. A takarda lissafin ya yi daidai. A ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma kuwa, sai an fara tambayar wane wata ake ciki.

Da an gama girbi samari sun tafi ci-rani, almajirai sun bi malamansu, Fulani kuma sun sauko fadama da shanu sun kafa rugage waɗanda babu su a jerin dagaci. Wanda ya ƙirga a Fabrairu da wanda ya ƙirga a Agusta ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Kuskure mafi yawa shi ne ƙirga ƙofar gida. Zaure ɗaya na iya ɗauke da magidanta huɗu, kowa da tukunyarsa, don haka tukunya ake tambaya. Namiji ba ya wuce zaure, dole a tafi da mace mai shiga ciki. Ita ma ta sani cewa uwa kan yi kunyar ɗan fari, ta lissafa 'ya'yanta ta tsallake shi. Kishiya ko kaka ce za ta cike gurbin. A bi unguwa da mai unguwa, a yi wa gidan da aka gama alama da alli.

Hanya kuma ba a auna ta da kilomita kaɗai. Bankin Duniya yana duba ko mutane na zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina, kuma damina ce take kayar da yawancin ƙauyukan nan. Kwalbati ɗaya ya karye a Agusta, burji mai kyau ya zama banza har Oktoba. Sai kwale-kwale, shi ma ciyawar kachalla ta toshe masa magudanai da dama.

'Yan acaba da direbobin tasha sun fi taswira sani. A tambaye su minti nawa ne da rani, nawa da damina, nawa ne kuɗin mutum, nawa na buhu, kuma wace rana mota ke shiga. Ƙauyuka da yawa ranar kasuwa kaɗai suke ganin mota, sauran kwanaki babur ne da amalanke. Tsohon farashi kuma a jefar da shi, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya sauya. A karɓi lambar direba biyu masu kwana a ƙauyen ko kusa da shi, domin naƙudar dare ba ta jiran motar kasuwa.