Sana'ar tsofaffin robobi a Katako

Wanda ya baro Najeriya ya sauka Yamai, lissafin kuɗi ne zai fara ba shi wahala. A nan da dala ake ƙirga komai, dala ɗaya sefa 5, in an ce maka dala ashirin to sefa 100 ake nufi. Sai kuma Zabarmanci. Hausa tana fisshe ka a kasuwa, amma akwai unguwannin da sai ka iya gaisuwarsu kafin a sakar maka fuska.

Daga ƙauyenmu na Zamfara na biyo ta Illela da Ƙonni, bayan noma ya gagara saboda 'yan bindiga. Kawuna ya sauke ni a Bukoki, ya sa ni cikin sana'arsa ta tsofaffin robobi da kwalabe a gefen kasuwar Katako, inda ake narka gwangwanin lemo ya koma tukunya. Yara su kawo buhuna, mu zazzage mu ware. Mai lita ɗaya da rabi, da murfinta, ba lotsewa, ta mata masu zoɓo da lamurje ce. Kwalbar gilashi ta masu sayar da fetur a bakin titi. Wadda ta tsage a tara a buhu, a sayar a kan kilo. Ta haka na san garin, don kowace irin roba da unguwar da masu sayenta suke.

Kuma ba wadda za ta wuce sai an buɗe an shinshina. Kawu ya ce mini, "Ɗana, wadda ta taɓa shan fetur ko maganin ƙwari, ko ka wanke ta da omo, kada ta je hannun mai zoɓo. Yara ne za su sha."

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, yana Jamus, a wata masana'antar ware shara, yakan turo mana bidiyo ta WhatsApp. Can tun 2003 aka ɗora kuɗin ajiya a kan robar abin sha. Yanzu santi 25 na Yuro ne, kusan sefa 164, kana mayar da robar cikin na'ura a kanti za a ba ka kuɗinka. Kamfanin TOMRA na ƙasar Norway ya fara ƙera irin na'urar a 1972. Sauran robobin gida kuma su tafi masana'anta, su hau bel mai gudu. Wani haske da ido ba ya gani yana faɗa wa kwamfuta irin robar, PET ce mai lamba 1 a gindi ko HDPE mai lamba 2, sai iska ta fyaɗo ta zuwa nata ramin. Baƙar roba tana shanye hasken, shi ya sa ta daɗe tana kuɓuce musu.

Sabon abin shi ne kyamara mai ƙirƙirarriyar basira. An yi ta nuna mata hotuna bila adadin har ta iya rabe robar madara da ta sabulun wanki daga siffa da tambari. Wani kamfanin Amurka, AMP, ya ce hannun na'urarsa yana tsintar har guda 80 a minti ɗaya. Ni kam na jinjina musu.

Kawu ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya ce a tambayi Yaya ko na'urar tana da hanci. Yaya ya yi dariya, ya ce tasu dai ba ta da shi, kuma har yanzu akwai mutane tsaye a ƙarshen bel suna gyara abin da ta ɓata. Su suna warewa ne don a niƙa a narka. Mu kuwa robar za ta koma bakin mutum yadda take, kuma robar ruwan da aka zuba wa fetur jiya kamanninta ba su sauya ba, ko tambarin bai goge ba.

Inda nake kwaɗayin na'urar shi ne wajen buhunan juji, masu fasasshen gilashi da allurai, waɗanda suka cika mini hannu da tabo. Sai dai bel yana son wuta ba yankewa, mu kuma mun ga yadda garin ya kwana cikin duhu a 2023 da Najeriya ta katse layin lantarki bayan juyin mulki. Da Yaya ya tambayi tsarabar da zai riƙo mana in zai zo hutu, na ce safar hannu mai kauri irin wadda na gani a hannun abokan aikinsa, har da ta yaran da ke kawo mana kaya.