Kasalar da ke biyo bayan doguwar tafiya a keke

A aikina na horar da matasa masu tseren keke a Jos, babu abin da ya koya mini darasi kamar halin da mahayi ke shiga bayan ya kammala doguwar tafiya. Yaro zai yi watanni yana shiri, ya gangara Bauchi ya hawo Jos a yini guda, tafiyar da ta haura kilomita 200, abokai su yi ta yi masa barka, amma kafin mako ya zagayo sai ka tarar ya jingine keken a zaure, ba ya son hira, abinci ma sai an matsa masa. Idan na tambaya, amsar ba ta wuce, "Koci, wallahi komai ya fita raina."

Iyaye sukan kira wannan lalaci, ni kuwa ban yarda ba, domin jiki yana da hujjarsa. Makamashin da tsoka da hanta ke ajiyewa, wanda masana ke kira gilaikojin, bai fi kimanin rabin kilo ba, kuma sa'o'i kaɗan na tuƙi mai ƙarfi sun isa su cinye mafi yawansa, alhali ƙwaƙwalwa ma da sukari take aiki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, saboda haka mai dawowa daga Bauchi yana tarar da hawa ne a daidai lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. A hunturu abin ya fi muni, don sanyi yana ɓoye ƙishirwa, mutum ya bushe bai sani ba. Ga kuma sinadarin kotizol da wahala ke ƙarawa a jini, wanda kan sa mahayi ya kwanta a gajiye liƙis amma barci ya ƙi zuwa.

Sai dai wanda ya fi taɓa ni shi ne ɓangaren zuciya. Wanda ya saba tashi bayan sallar asuba da buri guda a gabansa, ranar da burin ya cika sai ya zama kamar gidan biki bayan baƙi sun watse. Ko Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka da ya ci zinare 23 a gasar Olamfik, ya faɗa a fili cewa baƙin ciki mai tsanani kan rufe shi bayan gasa.

Shi ya sa yanzu nake rubuta makon hutu cikin jadawalin horo tun kafin a hau hanya, kuma nakan gaya wa yaran cewa kasalar tana tafe, don kada ta zo musu a ba-zata. Nakan sa su ci sosai, tuwo ko gwaten acca ko dankalin turawanmu na Bokkos, su sha kunu da nono, su yi barci da wuri. Bayan 'yan kwanaki mu fita tare zuwa Lamingo a hankali, ba agogo, ba rige-rige. Na kuma hana su yanke shawara a makon nan, ko ta sayar da keke ko ta shiga wata gasa.

Idan kuwa mako biyu ya wuce yaro bai dawo hayyacinsa ba, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa, to al'amarin ya wuce aikin mai horarwa. Nakan je gidansu da kaina, in zauna da mahaifinsa, mu kai shi wurin likita.