Abin da ya faru da ni a wurin aiki

Wata takwas na yi ina aiki a wani shantiyen gini nan Damagaram, hanyar Tanout. Da farko ban faɗa wa kowa wannan ba sai Inna.

Patron ɗinmu baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba. Bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya, sai dai "kai baƙi, zo nan". Ruwan sanyi na mutanensa ne, mu kuwa tanon da ke cikin rana. Wanda na koya wa ɗaurin ƙarfe da hannuna, don fatarsu ɗaya da patron, albashinsa ya fi nawa nesa. Ranar da na tambayi dalili, ya toshe hanci a gaban yara ya ce in matsa. Wallahi wannan toshe hancin ya fi kuɗin yi mini ciwo. Na koma gida Birni ban iya cin tuwo ba.

Kawuna, tsohon ɗan sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, shi ya zaunar da ni. Ya ce: "Ɗana, dokar aiki ta Nijar ta 2012, sashe na 5, ta hana mai ba da aiki bambanta ma'aikata saboda launin fata, asali, addini ko jinsi, wajen ɗauka, albashi ko kora. Tashi ka je inspeksiyon ta aiki, su ke fara sasanta ku kafin kotu."

Na je ranar Litinin da kontira da takardun albashina. Abokan aikina biyu sun yarda su ba da shaida, sauran suna tsoron rasa abincinsu, kuma ban ga laifinsu ba. An ba mu ranar zama mako mai zuwa. Ku sa ni cikin addu'a.